Yarinyar da Inna Take Kiran Sunanta

Wata Juma'a ce a tsakiyar damina, shekarar da na shiga aji uku na firamare, ina 'yar shekara tara, na fara ganin fim da idona. An yi ruwa da safe, lungunmu ya cika da taɓo da ƙananan kwaɗi, na tattare zanina na bi bayan Inna muka ratsa ta inda katanga ta zube tsakanin gidanmu da na maƙwabciyarmu Ya Falmata. Inna na gaba riƙe da hannun ƙanwata Rabi, ni ina baya da faifan shinkafar da za a tsince. Sai dai tun kafin wannan rana akwai abin da na daɗe ina ɗauke da shi a ƙirji, ban taɓa gaya wa kowa ba: ina zaton ba Inna ce ta haife ni ba. Na sha buɗe randa in leƙa fuskata a cikin ruwa ina neman hancinta ko goshinta a tawa fuskar. In na ga kamar akwai sai in ji sanyi, in ruwan ya motsa kuma in koma inda nake.

Dalilina guda ne. Tunda na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Sunana Zuwaira, kowa a unguwarmu ta bakin kogi a Haɗeja ya san shi, har mai tallan kalanzir, amma a wurin Inna ni "ke" ce, ko "waccan". In kuma aike ne sai ta dubi Rabi ta ce, "Gaya wa ta ɗakin Hajja ta zo ta ɗebo ruwa," alhali ga ni tsaye a gabanta. Hajja kakata ce ta wajen uba, ita aka kai wa ni yaye, a ɗakinta kuma na ci gaba da kwana. Yanzu na san kunyar ɗan fari ce, kusan kowane gida haka ake yi a lokacin, macen da ta kira sunan 'yar farinta ko ta ɗora ta a cinya gaban surukai sai a yi ta yi da ita a gidan suna. Ko a lokacin ma an sha gaya mini. Amma zuciyar yaro ba ta san al'ada ba, abin da ta sani kawai shi ne wa aka kira, wa aka bari. Rabi kuwa har waƙa ake yi da sunanta in ana yi mata wanka.

Babanmu masunci ne, yana kuma da 'yar gonar shinkafa a fadama. Inna ita ke banda. In ya dawo daga ruwa da tarwaɗa da karfasa, ita ke gyarawa, ta lanƙwasa tarwaɗar ta soke da tsinke, ta jera bisa raga, ta zauna gaban hayaƙi tana juyawa har kifin ya yi ja. Komai namu warin banda yake, har littattafaina, 'yan ajinmu ma in na shigo sai su fara shinshina iska suna dariya. Aikina shi ne sharar tsakar gida, ɗebo ruwa, kankare ɓawon karfasa da tsohon cokali, da tsinto itace. In na samu sarari mu yi carafke da tsakuwa a gindin darbejiya, ko mu ɗebo yumɓu a gaɓar kogi mu gina 'yan tsana da tukwane. Inna mace ce mai ƙarancin magana, tafin hannunta kaushi, idonta kullum ja saboda hayaƙi, amma kafin wannan Juma'ar ban taɓa ganin hawayen kuka a cikinsa ba. Ranar da aka aiko daga Kafin Hausa cewa yayanta ya rasu, salati ta yi sau uku, ta juya kifinta don kada ya ƙone, sannan ta shiga ɗaki ta ɗauko mayafi.

Ya Falmata tsohuwa ce Babarbariya, iyayenta daga wajen tafkin Cadi suka zo, mijinta ya daɗe da rasuwa. Ɗanta da ke aikin mota a Kano shi ya kawo mata talabijin da bidiyo da ɗan ƙaramin janareta, tare da kaset uku. Biyu na wa'azi ne. Na ukun wani tsohon fim ne na Indiya, kwalinsa ya yage, babu wanda ya san sunansa, launinsa ya koɗe har ja ya koma kamar ruwan goro. Ranar Juma'a, da zarar maza sun tafi masallaci, sai ta sa a tayar da janareta a bayan ɗaki, matan lungu su taru har la'asar. Sharaɗinta ɗaya ne: kowace ta zo da aikin hannunta, don ba ta so a ce ɗakinta ne ya koya wa matan unguwa lalaci. Sai ka ga mai saƙar faifai, mai ɓarar gyaɗa, mai tsintar shinkafa, an cika ɗaki maƙil, manya a kan gado da kujeru 'yan tsuguno, mu yara a ƙasa tsakanin ƙafafunsu.

Babu mai jin Indiyanci a cikinmu, don haka Ya Falmata ce bakin mutanen cikin talabijin. Ita ta raɗa musu suna. Uban, wanda ke tuƙa jirgin fito kamar mutanenmu, Malam Audu. Mugun mai gashin baki da ke son ƙwace masa jirgi, Tanko. Matar Malam Audu, Baiwar Allah. 'Yarsu kuma Dije. Fassarar takan canza daga mako zuwa mako. In wata ta ce, "Ya Falmata, ai makon jiya ba haka Tanko ya ce ba," sai ta harare ta ta ce, "To ke kike jin yaren ko ni? Makon jiya a fusace yake, yau ya ɗan huce." Matan nan ba kallo suke yi ba, zama suke yi da mutanen. Sun ga fim ɗin ya fi sau goma, amma duk sanda Tanko ya laɓe a bayan bishiya sai an yi wa Malam Audu ihu ya waiwaya. In an zo wajen rawa su rufe fuska da gefen mayafi suna leƙe ta ƙasa. In Baiwar Allah ta kunna fitila a gaban gunki sai a kau da kai ana a'uziyya, can wata ta ce, "Allah ya shirye ta dai, wallahi mutuniyar kirki ce."

Dije sa'ata ce, ko ta ɗan girme ni. Tana da kitso biyu dogaye da wushirya, ita ke kai wa ubanta abinci bakin ruwa. Wata rana ruwan sama ya doke ta a hanya, ta dawo gida tana rawar ɗari, ta kwanta. Uwarta ta ɗora kanta a cinya, tana jiƙa tsumma a kwano tana shafa mata a goshi, tana rera wata doguwar waƙa a hankali. A nan ne na ji abin da ya sa na juya wa talabijin baya. Hannun Inna ya tsaya a cikin faifai. Na ji ta ce, "Dije. Wayyo Dije. Sannu Dije, sannu 'yar nan." Na ɗaga kai na ga hawaye na bin kumatunta har yana ɗiga cikin shinkafa, ba ta ma share ba. Sauran matan ma kuka suke yi, ana ta jan hanci, amma ni ban ga kowa ba sai ita. Na ƙirga. Kafin waƙar ta ƙare sau goma sha ɗaya ta kira sunan. Ina zaune a ƙasa jingine da gwiwarta saboda matsi, sai na ji hannunta ya sauka a kaina, yana bin layin kitsona, idonta kuma na kan talabijin. Ban ji daɗi ba ko kaɗan. Na ce a raina kan Dije take shafawa, nawa aro aka yi don shi ne a kusa.

Tun daga ranar na tsani yarinyar nan, tsana irin wadda ban taɓa yi wa mai rai ba. Rabi ƙanwata ce, in an kira ta ina iya mintsinin ta a bayan ɗaki in huce. Wannan kuwa tana cikin gilashi, ba ta ɗebo ruwa, ba ta kankare kifi, ba ta ma san akwai wata Inna a duniya ba, amma ta samu abin da ni nake nema shekara tara. Na gina 'yar tsana ta yumɓu mai kitso biyu, na kai ta bakin kwata na taka. Na roƙi Hajja ta yi mini kitso biyu, ta kama gashina ta ja ta ce, "Da wane gashin? Wannan da ko ɗan yatsa bai rufe ba? Ki bari sai kin je Indiya." Duk da haka ban taɓa fashin Juma'a ba. Ina zuwa ne kamar yadda harshe ke komawa kan haƙori mai ciwo, in zauna a gaban gwiwar Inna in yi ta ƙirga. Wata rana tara, wata rana goma sha uku, domin matan kan roƙi Ya Falmata ta mayar da wurin baya a sake gani.

Har dabara na yi. Ranar da aka yi wani ruwa mai ƙarfi da yamma, na tsaya ƙarƙashin indararo da kayana a jiki har haƙorana suka fara haɗuwa. Allah ya ba ni abin da na nema, na wayi gari da zazzaɓi. Na kwanta a gadon Hajja ina kallon ƙofa. Hajja ce ta dafa ganyen darbejiya ta lulluɓe ni da bargo na yi surace, ita ta matse mini hanci ta ɗura mini tazargade mai ɗaci. Inna kuwa kunu ta damo ta ba Rabi ta kawo. Ina jin muryarta daga tsakar gida tana tambayar Hajja, "Ya mai jikin?" Kwana huɗu na yi ina mai jiki, na tashi da ɗacin baki da ɗacin rai.

A lokacin ni ce mai mayar da kaset baya. Man janareta tsada gare shi, Ya Falmata ba ta yarda a ƙona shi wajen jiran inji ya naɗe fim, sai ta koya mini yi da hannu don ta ce ni ba ni da garaje. Akwai ɗan rami a cikin kaset ɗin, in ka tura tsinke a ciki sai ƙafafun da zaren ke naɗe a jikinsu su saki, ka sa gindin cokali ka yi ta juyawa har zaren ya koma farko. Ta kuma koya mini gyara in inji ya tauna zaren: a danna ɗan maɓallin gefe murfi ya buɗe, a yanke wurin da ya lalace da reza, a haɗa baki da baki a manne da salatif ta baya. Kowace Asabar da hantsi, bayan na share mata ɗaki, sai in zauna bakin ƙofa ina juya cokali, ita tana can tana shanya kuɓewa.

Wajen ƙarshen damina, shinkafa ta fara fitar da kai, wata Juma'a janareta ya fara tari daidai lokacin da Dije ta shigo gida tana rawar ɗari. Ya Falmata ta yi wuf ta fitar da kaset kafin wuta ta ɗauke, ta ce mai ya ƙare, sai mako mai zuwa. Ta dube ni ta ce kada in mayar da shi baya, daga nan za a ɗora. Mata suka tashi suna ƙorafi. Muna ratsa katanga na ji Inna ta yi ajiyar zuciya ta ce wa matar da ke kusa da ita, "Oh, an bar yarinya kwance da zazzaɓi har mako guda." Ni da na yi kwana huɗu a ɗakin da bai fi taku goma da nata ba. Maganar nan ta zauna mini a wuya kamar ƙayar karfasa.

Washegari na share ɗakin Ya Falmata, na ɗauko kaset da reza da salatif na koma bayan ƙofa. Wurin ba shi da wuyar ganewa, don yawan maimaitawa ya sa zaren ya yamutse a nan, gefensa ya yi kamar bakin ganyen latas. Na yanke, na fara ja. Na ɗauka kamu ɗaya ne ko biyu, ashe waƙar nan doguwa ce ko a zare. Na ja, na ja, baƙin abu mai sheƙi ya cika mini cinya yana zubowa ƙasa, sai da na kai inda ya koma sumul sannan na sake yankewa na haɗa. Na yi gyara mai kyau, wanda ya fi duk na baya. Na naɗe abin da na cire a jikin guntun kara na soke a ƙugu, na yi wa Ya Falmata sallama, har ta ba ni ɗanwake.

Inda zan ɓoye shi bai ba ni wahala ba. Lokacin korar tsuntsaye ne, kowace safiya kafin makaranta da kuma ranakun hutu muna fadama. Jan-baki kan taso daga cikin ciyawar kacala kamar hayaƙi, in suka sauka a gona kafin ka yi salati sun mayar da zangarniya ƙaiƙayi. Muna hawa rumfar kara muna ihu, muna jan igiyar da aka rataya wa gwangwanaye da tsakuwa a ciki. Manoma kuma kan tsinto zaren tsofaffin kaset na rediyo su ɗaura daga sanda zuwa sanda, in iska ta kaɗa ya riƙa walƙiya yana kuka, tsuntsaye su tsorata. Na ɗaura nawa a cikinsu, daga kusurwar gonar Baba har kan kunyar maƙwabci. Ya fi sauran faɗi, ya fi su ƙara. Na hau rumfa na zauna ina kallonsa yana rawa a rana, raina fari tas. Na ce yau ga Dije ma ta fito aiki, ta sha rana ta kori jan-baki kamar kowa.

Juma'a ta zo, aka samo mai, ɗaki ya cika tun kafin a yi kiran salla. Aka saka kaset. Dije ta kwanta tana rawar ɗari, uwarta ta miƙa hannu za ta ɗauko kwano, hoto ya yi ƙif, sai ga Dije a bakin ruwa da rana tsaka tana tsalle da kwanon abinci a ka. Ɗaki ya ɓarke. Wata ta ce, "A'a! Wa ya ba ta magani?" Wata ta ce aljanun bidiyo ne. Ya Falmata ta fitar da kaset ta hura, ta buga shi a cinya, ta mayar, aka sake gani, haka dai. Ta ce inji ne ya cinye, ta tsine wa wanda ya ƙera shi. Sai ta tsayar da fim ɗin ta ce bari ta ba da wurin da baki, ta fara, "Sai uwar ta jiƙa tsumma," har ta ɗan gwada waƙar da muryarta ta tsufa. Wata ta fashe da dariya, sauran suka bi. Babu wadda ta yi kuka. Mai saƙar faifai ta ce warkewar da ba a ga jinyarta ba ai ba ta da daɗi, kamar miya ce ba gishiri.

Ni Inna nake kallo. Ba ta yi dariya ba. Ba ta kira sunan ko sau ɗaya ba, abin da na so ke nan, na kuwa samu. Ta sunkuyar da kai ta ci gaba da tsintar shinkafarta har fim ya ƙare, hannayenta biyu na cikin faifai. Ina jingine da gwiwarta ina jira, ban san me nake jira ba sai da aka kashe janareta na ji kaina wayam, babu abin da ya taɓa shi. Juma'ar da ta biyo ta ce kifi ya yi yawa. Ta gaba ta ce wa Rabi, "Ku je ku, ba abin gani." Na je, na zauna a gaban ƙafar wata mata da ke ture ni da gwiwa in na matsa.

Hajja ce ta gano. Tsofaffi ba su da kulle, takan kawo mana fura gona da rana. Ta ajiye ƙwarya, ta tsaya tana kallon zaren nan mai faɗi, ta kama shi da yatsu biyu, ta ga yadda gefensa ya yamutse. Ta san aikin da nake yi wa Ya Falmata, gari duka kuma ya ji labarin fim ɗin da inji ya cinye. Ta ce, "Sauko nan, mai idon mujiya." Na sauko ina jiran duka. Ba ta doke ni ba. Ta zauna a kan kunya ta ce, "Ke kika yanke wa uwarki kukanta?" Na ce ai ba ni take yi wa ba, 'yar Indiya take yi wa. Hajja ta yi tsaki. Ta ce lokacin da nake shekara biyu na yi ƙyanda har an fid da rai, ita ta riƙe ni kwana bakwai a cinya, Inna kuwa tana bayan zana a tsaye, kunya ta hana ta shigowa, kifin kwana biyu ya ƙone ƙurmus a kan raga ba ta sani ba. "Ni na ga ƙafafunta ta ƙarƙashin zana. Ban ce ta shigo ba, don ni ma haka aka yi mini a kan ubanki. Sha furarki, sakarya."

Mai karatu zai so in ce daga nan zuciyata ta yi sanyi. Ba ta yi ba. Na yi kuka a gonar nan har tsuntsaye suka sauka ban kore su ba, amma kukan haushi ne. Na ce in hawayen nawa ne, don me aka kai wa wata? In nawa ne, me ya sa sunanta ne a kai? Har yau da nake da 'ya'ya biyu, in na tuna yarinyar nan mai wushirya sai kishin nan ya taso mini, alhali in tana raye yanzu ta yi jika, ba ta kuma taɓa jin sunan Haɗeja ba. Abin da ya ƙaru a kan kishin shi ne sanin cewa wuri ɗaya Inna take da shi a duniya da za ta yi kuka ba a ce ta yi rashin kunya ba, wuri ɗaya kuma nake da shi da hannunta ke sauka a kaina, na sa reza na yanke duka biyun a hantsi guda. Hajja ba ta tona ni ba har ta koma ga Allah. Ɗan Ya Falmata ya kawo wasu finafinan daga baya, Inna takan leƙa jefi-jefi, amma ban sake ganin idonta ya kawo ruwa ba sai na hayaƙi. Ni kuma har yau ban iya gaya mata ba.

Yanzu ina aure a Malam Madori, gida ɗaya da uwar mijina. Ba a taruwa kallo kuma. Kowa da wayarsa, an fassara finafinan da Hausa, an san abin da kowa ya ce, babu mai yi wa wani ihu ya waiwaya. Nakan nemi tsofaffin, masu koɗaɗɗen launi, in jingina wayar da turmi ina aiki ina kallo ni kaɗai, in ji ina kewar ɗakin nan mai zafi da warin gyaɗa da gardamar Ya Falmata. 'Yar farina Habiba shekararta shida. A ɗakin kakarta take kwana, kuma tunda aka raɗa mata suna ban taɓa faɗinsa a gaban mutane ba. Ba wanda ya tilasta ni, bakina ne kawai ya ƙi, kamar an gada a jini.

Watan jiya ina yankan kuɓewa ina kallon wani tsohon fim, aka zo wurin da wata yarinya ta ɓace wa uwarta a kasuwa. Ban san lokacin da na fara kuka ina kiran sunan yarinyar ba. Da na ɗago sai na ga Habiba tsaye a bakin madafa da kofin da aka aike ta da shi. Ba wayar take kallo ba. Ta ce, "Umma, ya sunanta?" Na gaya mata. Ta maimaita sunan a hankali sau biyu, ta ajiye kofin ta fita. Ranar ban iya cin abinci ba. Na yi ta bin ta da ido, ina tunanin me take ƙirgawa, tun yaushe ta fara, kuma wace reza ce a hannunta da ban gani ba.

Da safe tana wasa a tsakar gida, kakarta na zaune a tabarma tana jan carbi, na buɗe baki na ce, "Habiba." Yarinyar ta waiwaya ko'ina tana neman wanda ya kira ta, sai daga baya ta dube ni. Kakarta ta tsayar da carbi ta ce, "Ikon Allah. Zamani." Kafin azahar matan gidan duk sun ji, ana ta yi mini dariya, wata ta ce saura in goya ta in kai ta kasuwa. Kunya ta ishe ni, har yanzu in zan faɗa sai na haɗiye yawu, wata rana ma in kasa. Iyayenmu ba mugaye ba ne, sun so mu a bayan zana, yaro ne dai ba ya gani ta cikin zana.

Don haka roƙo ɗaya nake yi. In kun ji wata mata a gidan biki ko a layin asibiti ta kira 'yar farinta da sunanta, muryarta na rawa, don Allah kada ku yi mata dariya, kada ku ce ba ta da kunya. Ku ƙyale ta ta kira.